Dajin Tsallaken Rafi

To, sannunku da zuwa, masana. An ce mini kamfani ya ɗauko ku daga jami'a don ku karɓi aikin da na tsufa ina yi, kuma wai kwana uku ya ishe ku koyo. Madalla. Ni da Allah bai ba ni kai ba na ɗauki shekaru, amma ni ba a raba mini wannan allon gilashin da kuke shafawa da yatsa ba. Jiya ɗayanku ya nuna mini nasa a nan yadin tara ice na Tarauni, ya ce daga kan kujerarsa yana ganin kowace bishiya a ƙasar nan ta hoton tauraron ɗan'adam. Na ce masa Allah Ya ƙara basira, in ya hango akuyata da ta ɓata bara ya taimaka ya gaya mini.

Ku zauna a kan gungumen nan, ba ya cizo. Aikin a baki ba shi da wuya. Kamfanin nan kwali yake yi, kwali kuwa da itace ake yinsa, itacen malaina da mutane ke dasawa a filayensu can kudu da mu. A nan ake tara shi kafin manyan motoci su kwashe zuwa masana'anta. Wata shekara masu sayen kwalin daga waje suka ce sun daina karɓar kayan da aka sare daji don a shuka shi. Manyanmu suka sa hannu a takarda, aka ɗauki hoto, aka sha lemo. Alkawarin shi ne, malainar da aka dasa a tsohuwar gona a saya, wadda aka share daji aka dasa kuwa ba a taɓa ta. Su suka yi alkawarin a ɗaki mai sanyi, ni Garba aka tura in cika shi a kan babur. Akwai kuma wani daji guda a tsallaken wani rafi, wanda na ɗauka gudumata za ta hana a sare shi. Labarinsa zan ba ku, in wayoyinku za su yi haƙuri da ni.

Ga gudumar nan, ku ɗaga ku ji. Kai, da hannu biyu, kada ka fasa mana ƙafa. Akwai lamba a ƙeyarta. In na buga ta a turken iyakar gona, gonar ta shiga rajista, duk icen da ya fito daga cikinta kamfani zai saya. In ban buga ba, ko limamin unguwarku ne mai gonar, sai dai ya yi makamashi da kayansa. Bayan guduma sai adda, sai igiyar awo, sai wannan rodin da wani maƙeri ya fiƙe mini bakinsa a kasuwar Tarauni. Ba za ku gan shi a littafin da aka ba ku ba. Ƙasa nake soka da shi. Ƙasar da ba a taɓa haƙawa ba tana ƙin rodi, sai ka danna da ƙirji. Ramin da aka cike kuwa haɗiye shi yake yi kamar ludayi a kunu.

Aikina na farko, tun kafin a san da wani kamfanin kwali, a ƙarƙashin Malam Iro na yi shi, wani tsohon malamin daji, dogo, mai ƙarancin magana da yawan harara. Ranar da na fara, ya kai ni gaban wani kututture a cikin gandun daji ya ce, "Wa ya sare wannan, da me, yaushe?"

Na ce, "Malam, ai ba na nan aka sare."

Ya ce, "To shi kututturen ai yana nan. Tambaye shi."

Ya tafi inuwa ya zauna, ya bar ni ina kallon guntun ice har azahar. Da ya ga na kusa kuka sai ya taso. Ya nuna mini saran gatari ta ɓangare biyu, wato mutum biyu ne. Ya nuna mini saran gefe ɗaya ya karkata ta hagu, wato ɗayansu bahago ne. Ya auna tohon da ya fito a gindin da tafin hannunsa, ya ce damina ɗaya ta wuce a kansa. Kafin la'asar muna ƙofar gidan wani bahago a ƙauyen da ke kusa, shi kuma yana ta rantsuwa, ɗan'uwansa yana ɓuya a bayan rumbu. A hannun Malam Iro na koyi gane marke da kawo da maɗaci da kirya ta ɓawo da wari, ko da an yanka su gunduwa-gunduwa. Shi ya koya mini cewa tsohuwar gona ba ta ɓoyuwa. Za ka ga ɗorawa da kaɗanya jefi-jefi, masu faɗin kai, don manomi ba ya sare abin da ke ba shi miya da mai. Za ka ga gamba a kan iyaka, ka tsinci tsingaro a ƙasa. Ya kuma kafa mini doka a kan ciki: ka sha ruwan mai gona in ka isa, amma kada ka ci kazarsa sai ka gama dubawa. Kowa ya ci ladan kuturu, ya ce, dole ya yi masa aski.

Masu gona kuwa za ku gan su iri-iri. Akwai wata dattijuwa, mijinta ya rasu ya bar mata 'yar gona, ta dasa malaina a rabi. Ba ta da taswira, ba ta da takarda ko ta ƙunshe ƙosai. Na'urar ofis ta ƙi ta sau biyu. Da na je, sai ga ɗorawar da ta girme ni a tsakiyar filin, ga kabarin surukinta a gefe an kewaye da duwatsu. Ban ko sauke rodi daga babur ba na buga mata guduma. Irin waɗannan ba sa hana ni barci. Wanda nake tsoro shi ne mai fayil mai kauri, kowace takarda da hatiminta, kowane hatimi da sa hannunsa. Mai gaskiya ba ya samun sukunin tara takarda haka.

Fayil ɗin Alhaji Ɗanlami sai da hannu biyu ake ɗaukarsa. Alhaji babban mai kawo mana ice ne, ɗan kasuwa, gidansa a Hotoro, hannunsa laushi kamar na jariri. Ya kawo sabon fili yana so a sa a rajista, wai tsohuwar gonar kakansa ce. Manajanmu na lokacin, wani matashi mai ƙamshin turare, ya kira ni ofis.

Ya ce, "Baba Garba, wannan mun riga mun duba ta sama, komai daidai. Je ka kawai ka buga musu, don cika ƙa'ida."

Na ce, "Ranka ya daɗe, tunda an duba ta sama, ko za a buga gudumar ma ta sama?"

Bai yi dariya ba. Washegari na ɗora babur ɗina a bayan motar Sani. Sani direban babbar mota ne, shi ke ɗauko icen Alhaji, kuma maƙwabcina ne a Gyaɗi-Gyaɗi, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Tun da ya zo daga ƙauyensu da matarsa da 'ya'ya uku, matata ce ta zama uwarsu a birni. A hanya bakinsa ya ƙi rufuwa. Ya ce Alhaji ya yi wa direbobinsa albishir, in wannan fili ya shiga rajista, zai faɗaɗa har tsallaken rafi, lodi ba zai yanke ba rani da damina. Na tambaye shi me ke tsallaken rafin. Ya ce, "Daji ne kawai, Baba. Ba kowa."

Mun isa da hantsi. An kafa rumfa, an jera kujeru, ga zabi gasassu an rufe da faranti. An kuma kawo wani tsoho daga ƙauyen, an sa masa sabuwar hula, wai shi ne shaidar cewa gonar gado ce. Na sha ruwa, na ɗauki rodi na shiga.

Malaina ce 'yar damina biyu, layi-layi, ta fi ni tsawo. A ƙarƙashinta ga kunyoyin noma nan, har da busassun karan masara. Babu kututture ko ɗaya. An share wurin tas. Amma babu ɗorawa, babu kaɗanya, babu gamba a iyaka. Na tambayi Alhaji, ya ce iska ce ta kayar da su wata shekara. Na ce Allah Sarki, iska mai zaɓe. Duk da haka rashin ɗorawa ba hujja ba ce da za ka rubuta a takarda, don haka na shiga kwarin kunya ɗaya na bi shi da ƙafa, kaina a ƙasa.

Ku ajiye wayoyin nan ku ji wannan. Kunyar ta miƙe taku goma, sai ta lanƙwasa kamar tana kauce wa wani abu, ta zagaya, ta dawo kan layinta. Na duba wurin da ta kauce wa, babu komai, ƙasa ce fili. Na ci gaba. Taku bakwai, ta sake kaucewa. Na koma ta kusa da ita, ita ma haka. Duk filin nan kunyoyi suna ta zagaye abin da babu shi.

Duk wanda ya taɓa riƙe garma ya san dalili. Gonar da aka shekara arba'in ana noma, kunyarta miƙewa take yi daga iyaka zuwa iyaka, don babu abin da ya rage a ƙasa da zai tare ta. Amma ɗan ƙwadagon da aka sa ya yi huɗa a sabon sara ba zai karya garmarsa a kan kututture don Alhaji ba, zagaye shi zai yi ya wuce. Abin da ya faru ke nan. An sare daji, an yi huɗa a tsakanin kututturan, an watsa masara don a ce gona ce, an dasa malaina. Da aka ji mai guduma zai zo, aka sa mutane suka tone kututturan ɗaya bayan ɗaya, suka cike ramukan, suka share. Aiki ne na gaske, na yaba. Sai dai wanda ya tsara shi bai taɓa yin huɗa ba a rayuwarsa, bai san kunyoyin sun riga sun nuna inda kowace bishiya ta tsaya ba.

Na soka rodi a tsakiyar lanƙwasa ɗaya, ya shige har rabinsa. Na tona da adda. Zurfin kamu biyu sai ga saiwar kirya, kaurin cinyata, cikinta ja wur, ko ruɓa ba ta fara ba. Na soka a na gaba, haka. Na yi ta yi har hannuna ya gaji. Daga nan na gangara bakin rafin na dubi tsallake. Wallahi na daɗe ban ga daji irinsa ba. Kirya da marke da kawo a tsaye kafaɗa da kafaɗa, ƙasansu duhu da tsakar rana, birai suna ta tsalle. A jikin manyan bishiyoyin kuwa an riga an shafa jan fenti, alamar masu zarto. Gudumata kawai suke jira.

Na dawo rumfa da saiwar a kafaɗa na ajiye ta kusa da zabin. Na dubi tsohon mai sabuwar hula na ce, "Baba, me kakan Alhaji yake shukawa a nan?"

Ya kalli Alhaji, ya kalli saiwar, ya ce, "Wallahi ɗana, ni dai zuma nake ɗiba a wurin nan tun ina yaro."

Alhaji ya ja ni gefe. Bai ɗaga murya ba, irinsu ba sa ɗagawa.

Ya ce, "Malam Garba, yanzu karkacewar garma ce za ta hana bayin Allah cin abinci?"

Na ce, "Alhaji, ba garmar ba ce. Abin da ta kauce wa ne."

Ya ce, "To na ji. Wanda aka sare an riga an sare. In ka ƙi bugawa, tsirowa zai yi?"

Na ce, "Ba zai tsiro ba. Amma na tsallake bai faɗi ba tukuna."

Ya yi murmushi ya ce Allah Ya kiyaye hanya. Ban ci zabin ba, kuma har yau ina tuna ƙamshinsu. Sani ya tuƙo mu har Kano, ko rediyo bai kunna ba.

Da safe na ɗora saiwar a kan teburin manaja, a kan fayil ɗin. Ya juyo mini da allonsa, ya nuna mini hotuna biyu na wurin, na da da na yanzu. Ya ce, "Baba, duba da idonka. Nan kore, nan ma kore." Na ce masa gaskiya ne, daga sama kore kore ne, ko tabarma aka shimfiɗa. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba, ashe ko ya wuce rimin ya hau tauraro ma haka ne. Na rubuta rahotona, na sa hannu, na ƙi janyewa. Kada ku ɗauka tsoron Allah ne ya kama kamfani. Masu binciken da masu sayen kwali ke turowa ne suke tafe a watan, kuma rahoton ya riga ya shiga inda ba a iya cire shi. Aka soke filin. Alhaji ya yi fushi ya janye duk icensa, har na tsofaffin gonakinsa masu tsabta.

Wannan ita ce muguwar shekarar. Yadin nan da kuke gani cike, akuyoyin unguwar Daurawa ne suka riƙa kiwo a cikinsa. Aka sallami masu lodi. Maman Chidi, mai sayar mana da shinkafa da wake a bakin ƙofa, ta kwashe tukwanenta ta koma Sabon Gari. Motar Sani ta kwanta a ƙofar gida har tayoyinta suka sace, shi kuma ya koma tuƙa a-daidaita-sahun wani. A masallacin unguwa in na miƙa hannu sai a ba ni 'yan yatsu. Aka sa mini suna Limamin Bishiyoyi. Ba wanda ya zagi Alhaji, shi da ya sare dajin, ba wanda ya zagi waɗanda suka sa hannu a alkawarin. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Matar Sani ta daina leƙo mu ta katanga, wannan kuwa ya yi wa matata ciwo ƙwarai, ni ma ya yi mini.

Kamfani fa? A ƙarshen shekara ya buga wani littafi mai koren bango, yana ba duniya labarin yadda ya tsaya tsayin daka wajen kare daji. A shafin farko ga manajanmu ya rungume wata bishiya yana dariya. Na duba da kyau, darbejiyar bakin ofis ce. Aka ƙara masa girma. Sunana bai fito ba ko a shafin baya, kuma ban damu ba, don bayan damina na hau babur na koma bakin rafin nan da kuɗin man aljihuna. Dajin yana nan a tsaye, ruwan sama ya fara wanke jan fentin. Na zauna a kan dutse na ci gyaɗa ina kallonsa. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi, har na ɗan ji kaina wani ne.

Shekara ta zagayo. Gas ya yi tsada, duk Gyaɗi-Gyaɗi aka koma gawayi, har gidajen da a da suke yatsina fuska in sun ji hayaƙi. Na lura motar Sani ta tashi, tana fita tana dawowa baƙa ƙirin. Na yi masa murna a zuciyata. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai na ji sallamarsa a zaure, rabon da ya taka gidana tun ranar zabin nan. Na fito na same shi da buhu a kafaɗa, shi da kansa ya ɗauko.

Ya sauke ya durƙusa ya ce, "Baba Garba, a yafi juna. Na riƙe ka a rai, kuma ba ka cancanta ba. Aiki ya samu yanzu, alhamdu lillahi. Ga wannan a ba Inna."

Na ce, "Allah Ya yafe mana baki ɗaya, Sani. Tashi."

Matata ta fito da murna, tana sa masa albarka, tana tambayar yara. Ta kwance bakin buhun ta ce, "Kai, wannan gawayi da nauyi yake!" Na sa hannu na ɗauko biyu na gwara su. Suka yi ƙara kamar ƙarfe. Ice ɗaya ne kawai ke ba da gawayi mai wannan ƙarar, shi ya sa maƙera ke nemansa. Kirya ce, kuma ba reshe ba, tsakiyar babban gungume.

Na ce, "Sani, daga ina?"

Ya sunkuyar da kai. "Baba, ai ka san wurin."

"Tsallaken rafi?"

Ya ce, "Alhaji ya ce masu kwali ne suka sa hannu a takarda, masu gawayi ba su sa ba. Su ba sa tambayar guduma. Tun bayan sallah ake ƙonawa. Saura kamar lodi biyu mu gama."

Ku masu ilimi, ku duba littafinku ku gaya mini shafin da ya ce ga abin da mutum zai yi a nan. Maƙwabci ya ɗauko kaya a kafaɗarsa ya zo neman sulhu, ba a mayar masa da shi. Na yi masa godiya, na raka shi har ƙofa. Washegari matata ta dafa mana dambu a kan gawayin nan, matar Sani tana taya ta ta kan katanga, suna ta dariya kamar da. Na ci, na ƙoshi. Da matata ta zo ɗaukar kwano ta ce ba ta taɓa ganin gawayi mai riƙe wuta irin wannan ba, ko zan yi wa Sani magana ya ajiye mana buhu ɗaya kafin ya ƙare.

Na ce mata gara ta yi masa magana da kanta, kuma ta yi yau, don saura lodi biyu.